Wane Littafi Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Karantawa A Kan Yaƙin Basasar Nijeriya?

Gabatarwa

Kalmar basasa ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Masana harshe suna danganta asalinta da yaƙin Basus, wanda ƙabilun Larabawa biyu 'yan'uwan juna, Bakar da Taglib, suka shekara arba'in suna gwabzawa kafin zuwan Musulunci, a kan taguwa ɗaya. Kanawa kuwa sun ɗanɗana tasu basasar daga 1893, lokacin da Tukurawa da Yusufawa, jikokin Sarki Ibrahim Dabo duka, suka ja daga a kan gadon sarauta. Saboda haka ko da yaƙi ya ɓarke tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Gabas a 1967, sunan da za a kira shi da shi yana nan a ajiye.

An shafe wata talatin ana wannan yaƙi, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. Yau fiye da shekara hamsin ke nan da aka ajiye makamai. Yawancin ɗaliban jami'a ba a haife su ba a lokacin, da yawa ma iyayensu ba su yi wayo ba. Abin da suka sani game da yaƙin tsintuwa ce daga hirar dattawa da waƙoƙin yabon soja da musun da ake tafkawa a intanet. Idan ɗalibi ya yi niyyar neman sani na haƙiƙa, sai ya tarar da littattafai jibge a laburare, kowane marubuci yana rantsuwa shi ne mai gaskiya. Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: a cikin wannan tarin, wanne ya kamata a fara ɗauka? Ra'ayin da za a kare shi ne, ɗalibi ya fara da littafin da ya kawo labarin yaƙin gaba ɗaya cikin harshe mai sauƙi, wanda marubucinsa bai riƙe bindiga ko muƙami a kowane ɓangare ba, sa'an nan daga baya ya saurari waɗanda aka yi abin da su.

Muhimmancin littafin farko

Wani zai ce ai duk littafi littafi ne, a fara da wanda ya zo hannu. Wannan ganganci ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Littafin da mutum ya fara karantawa a kan wani al'amari shi yake zana masa taswirar al'amarin a zuciya, duk abin da ya karanta bayansa a kan wannan taswira zai ɗora shi. Wanda ya fara da littafin da ya buɗe labari da kisan Sardauna ya rufe da shi, zai ɗauki duk abin da ya biyo baya a matsayin ramuwar gayya. Wanda kuma ya fara da littafin da ya buɗe da gawarwakin 'yan ƙabilar Ibo a tashoshin jirgin ƙasa na Arewa, zai ga yaƙin nan tsira ce kawai daga halaka. Kowannensu ya riƙe gaskiya, amma guntuwa, kuma da wuya su zauna inuwa ɗaya su fahimci juna.

Abin ya ƙara tsanani domin an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarun 2000, sai a 2022 gwamnati ta yi shelar mayar da shi. Watau akwai zuriya guda da ta shigo jami'a ba tare da wani malami ya taɓa jera mata abubuwan da suka faru daga 1966 zuwa 1970 a kan allo ba. Ga irin wannan ɗalibi, littafin farko shi ne malamin farko. Gobe kuma shi ne zai zama malamin makaranta ko ɗan jarida ko mai fassara labarai a gidan rediyo, ya riƙa shayar da jama'a abin da ya sha.

Ma'aunan zaɓe

Kafin a ambaci sunan kowane littafi, ya dace a ajiye ma'auni, domin a san abin da ake nema.

Ma'auni na farko shi ne inda littafi ya ɗauko labarinsa. Ruwa ba ya tsami banza. Harsashin farko ya tashi ne a Gakem, kusa da Ogoja, amma wutar ta daɗe tana ci a ƙarƙashin toka. Littafin kirki zai waiwayi tsarin jihohi uku da Turawa suka bari a 1960, da rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da zaɓen tarayya na 1964, da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen Jihar Yamma a 1965. Daga nan zai bi shekarar 1966 daki-daki: juyin mulkin 15 ga Janairu, hawan Janar Aguiyi-Ironsi, doka mai lamba 34 ta watan Mayu wadda ta soke tsarin tarayya, har aka yi ta kiran "a raba" a garuruwan Arewa, juyin mulki na biyu na 29 ga Yuli, wanda aka kashe Ironsi da Laftanar-Kanar Adekunle Fajuyi a Badun, da kashe-kashen watan Satumba da Oktoba. Sai taron Aburi a ƙasar Gana a ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, da saɓanin da aka samu wajen fassara abin da aka amince a kai, da ƙirƙiro jihohi 12 da Yakubu Gowon ya yi ranar 27 ga Mayu, da shelar ɓallewar Biyafara da Odumegwu Ojukwu ya yi ranar 30 ga Mayu. Littafin da ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya gina soro babu tushe.

Ma'auni na biyu shi ne yadda littafi ya yi da matattun kowane ɓangare. Wannan shi ne gwajin da ya fi saurin tona asirin marubuci, domin laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mai karatu ya duba: shin an ambaci Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Cif Akintola da Cif Okotie-Eboh da Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Ademulegun da Kanar Kur Muhammad da Laftanar-Kanar Largema da Pam da Unegbe da sunayensu, an kuma faɗi yadda Arewa ta ji da ta ga babu wani babban ɗan siyasar Gabas a cikin mamatan? Idan an yi haka, shin an kuma faɗi ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa dubban 'yan Gabas, maza da mata da yara waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, an kashe su a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da wasu garuruwa a 1966, har sauran suka kwashe nasu ya nasu suka gudu gida? Shin an kawo kisan da sojojin tarayya suka yi wa ɗaruruwan maza fararen hula a Asaba a watan Oktoba 1967, da bama-baman da jiragen sama suka jefa a kasuwanni, da yunwar da toshe hanyoyi ta haddasa? Shin an kuma kawo abin da sojojin Biyafara suka aikata a Jihar Yamma ta Tsakiya da suka mamaye a watan Agusta 1967, da uƙubar da ƙananan ƙabilun Gabas da ake zargi da zagon ƙasa suka sha? Littafin da ya yi kuka a kan gawa ɗaya ya ƙetare ɗaya, takardar ƙara ce aka yi wa bango.

Ma'auni na uku shi ne yadda ya yi da alƙaluma. Gwamnatin Gabas ta ce mutum 30,000 aka kashe a Arewa a 1966, wasu marubuta kuwa sun kawo adadin da bai kai haka ba. Game da yaƙin kansa, ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, wasu ma sun haura haka, mafi yawansu kuma yunwa da cuta ne suka kashe su. Babu wanda ya yi ƙidaya a lokacin. Marubucin gaskiya zai faɗi wanda ya ba da kowane adadi da dalilin da ya sa ake saɓani. Wanda ya zaɓi adadi ɗaya ya kafe a kai kamar ya ƙirga da hannunsa, a yi hattara da shi.

Ma'auni na huɗu shi ne ko littafin ya san cewa Nijeriya ta fi ƙabila uku. Akwai marubutan da suka mayar da yaƙin nan dambe tsakanin Bahaushe Musulmi da Ibo Kirista, su kuwa jaridun Turai na wancan lokaci sun ji daɗin wannan sauƙin bayani. Amma Gowon Kirista ne ɗan ƙabilar Angas wanda ya tashi a Wusasa, kuma sojojin ƙasa na tarayya da yawa Tibi ne da sauran ƙabilun tsakiyar ƙasa. An haifi Ojukwu a Zungeru, kuma shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano ranar juyin mulkin farko, bai kuwa goyi bayan masu juyin ba. Manjo Nzeogwu haifaffen Kaduna ne mai jin Hausa kamar jakin Kano. A cikin Gabas ɗin kanta akwai Ibibiyo da Efik da Ijo da Ogoni, waɗanda man fetur ke ƙarƙashin ƙasar wasunsu, kuma jihohi biyu daga cikin 12 ɗin nan domin su aka yanka. Laftanar-Kanar Victor Banjo, wanda ya jagoranci mamayar Yamma ta Tsakiya a madadin Biyafara, Bayarabe ne, kuma Biyafara ce ta harbe shi tare da Manjo Ifeajuna a Inugu a watan Satumba 1967. Littafin da ba shi da wurin ajiye waɗannan bayanai ya yi wa labarin ƙaramar riga.

Ma'auni na biyar shi ne sauƙi. Ɗalibin da ke da jarrabawa a gaba ba zai iya fara da kundin digiri mai cike da kalmomin masana ba. Yana bukatar labari mai tafiya a jere, da taswirar da za ta nuna masa inda Nsuka da Anaca da Fatakwal da Kalaba da Owerri suke, domin ya gane yadda runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa, ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad ta bi ta yamma, ta uku ƙarƙashin Benjamin Adekunle ta ɓullo ta teku.

Shaidar masu hannu a ciki

Littattafan da suka fi yawa a shagunan ƙasar nan, suka kuma fi daɗin karatu, su ne waɗanda mahalarta yaƙin suka rubuta. Olusegun Obasanjo, wanda ya karɓi runduna ta uku daga hannun Adekunle a watan Mayu 1969, ya fitar da My Command a 1980. A wannan shekarar ce Alexander Madiebo, kwamandan sojojin ƙasa na Biyafara, ya fitar da The Nigerian Revolution and the Biafran War. Adewale Ademoyega, ɗaya daga cikin manjojin Janairu, ya rubuta Why We Struck a 1981 domin ya kare abin da suka aikata. Kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga Let Truth Be Told na D.J.M. Muffett, tsohon jami'in mulki a Arewa, a 1982, wanda ya dubi juyin mulkin da idon da ya saɓa wa na su Ademoyega ƙwarai. Chinua Achebe, wanda ya yi wa Biyafara aikin jakadanci, ya fitar da There Was a Country a 2012, shekara guda kafin rasuwarsa, littafin da ya ta da ƙura saboda zargin da ya yi wa Cif Awolowo game da yunwa.

Babu mai raina waɗannan littattafai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abin da Madiebo ya sani game da ƙarancin harsashi a Biyafara wanda babu wani baƙo da zai sani. Amma kowane alƙali ya san bambancin mai ƙara da mai shaida. Duk wanda ya jagoranci soja ko ya riƙe muƙami a lokacin, idan ya ɗauki alƙalami yana da sunan da yake son wankewa da abokin gaba da yake son kayarwa. Hujja a kan haka ba ta da nisa: Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a runduna ɗaya da Obasanjo, ya rubuta ƙaton littafi mai suna The Tragedy of Victory a 2013, inda ya ƙaryata abubuwa da dama da ke cikin My Command. Idan hafsoshi biyu na ɓangare ɗaya da fagen fama ɗaya ba su daidaita ba, yaya ɗalibin da bai san komai ba zai rarrabe tsaki da tsakuwa in ya fara da ɗayansu?

Haka abin yake ga The Biafra Story na Frederick Forsyth, wanda mutane da yawa suke fara cin karo da shi saboda sunan marubucin da zaƙin alƙalaminsa. An buga shi a 1969, yaƙi bai ƙare ba, marubucin kuwa aminin Ojukwu ne, kuma bai ɓoye cewa ɓangaren Biyafara yake bayarwa ba. Littafi ne da aka rubuta domin a motsa zukatan mutanen Ingila su matsa wa gwamnatinsu ta daina sayar wa Ikko makamai. Yana da amfani ga mai son sanin yadda Biyafara ta gabatar da kanta ga duniya, amma ɗora shi a matsayin harsashin gini kuskure ne.

A ɗaya gefen kuma akwai littattafan masana waɗanda suka cika ma'aunin adalci amma suka faɗi a ma'aunin sauƙi. A.H.M. Kirk-Greene, wanda ɗaliban Hausa suka sani ta wajen aikinsa a kan karin magana da kuma mutumin kirki, ya tattara takardu da jawaban ɓangarorin biyu cikin juzu'i biyu a 1971, ya sa musu suna Crisis and Conflict in Nigeria. Taska ce ga mai bincike, amma rumbun tsaba ne, ba tuwon da aka tuƙa ba. John Stremlau ya rubuta littafi mai zurfi a 1977 a kan siyasar ƙasashen waje a yaƙin, sai dai fanni ɗaya ya ɗauka. Max Siollun, a cikin Oil, Politics and Violence na 2009, ya warware juyin mulkin 1966 guda biyu dalla-dalla cikin Ingilishi mai sauƙi, amma hankalinsa yana kan barikin soja da juye-juyen mulki har zuwa 1976 fiye da fagen yaƙin.

Littafin da ya fi cancanta

Idan aka ɗora littattafan nan a kan ma'aunan da aka ajiye, wanda ya fi rinjaye shi ne The Nigerian Civil War na John de St. Jorre, wanda aka buga a Landan a 1972, aka kuma buga a Amurka da sunan The Brothers' War. Marubucin wakilin jaridar Observer ne, ya kuma ga yaƙin daga ɓangarorin biyu, ya shiga Biyafara ya kuma bi sojojin tarayya. Wannan kaɗai ya bambanta shi da yawancin 'yan jaridar lokacin, waɗanda kowannensu ya tsaya a gefe guda yana aika wa gida abin da aka nuna masa.

Littafin ya bi labarin a jere tun daga rikicin 1966 har zuwa ranar da Philip Efiong ya miƙa wuya a barikin Dodan, bayan Ojukwu ya tashi zuwa ƙasar Kwaddebuwa. Bai tsaya a kan harbe-harbe kaɗai ba. Ya shiga batun farfagandar ɓangarorin biyu, da sojojin haya, da jiragen agaji masu sauka da dare a filin Uli, da yadda Ingila da Tarayyar Sobiyat suka taru a bayan Ikko duk da gabar da ke tsakaninsu, Faransa kuma ta tallafa wa Biyafara ta bayan gida. Mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa ƙasashen Afirka huɗu, Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya, suka amince da Biyafara a 1968, da dalilin da ya sa zaman sulhun Kampala da na Yamai, wanda Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncinsa, da na Adis Ababa duk suka watse a wannan shekarar. Mafi muhimmanci, mutum zai gama littafin yana ganin Gowon da Ojukwu a matsayin mutane masu dalili da kuskure, abin da littattafan ɓangare ba sa bari ya gani.

Ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi

Ƙorafi na farko shi ne, me ya sa za a ba ɗan ƙasa shawarar ya koyi tarihin gidansu daga bakin Bature? Wannan magana tana da nauyi, musamman da yake ƙasar marubucin tana da hannu dumu-dumu a yaƙin, kuma kamfanoninta suna da jari a man fetur. Amsa ita ce, ba fatar marubuci ake dubawa ba, matsayinsa a shari'ar ake dubawa. Forsyth ma Bature ne, Muffett ma haka, ga shi kowannensu ya ɗauki ɓangare. Idan 'yan'uwa biyu suka yi faɗa a gida, maƙwabcin da ya leƙo ta katanga yakan fi su iya faɗin wanda ya fara ɗaga hannu, ko da bai san tsohuwar gabar da ke tsakaninsu kamar yadda suka sani ba. A ji ta bakinsa tukuna, sa'an nan a shiga gida.

Ƙorafi na biyu shi ne tsufa. Gaskiya ne littafin ya fito shekara biyu kacal bayan yaƙin, kafin a buɗe takardun asirin gwamnatin Ingila, kafin kuma yawancin hafsoshi su yi magana. Akwai abubuwan da aka tono daga baya. Alal misali, sai a 2017 Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli suka fitar da cikakken bincike a kan kisan Asaba, bisa hira da waɗanda suka tsira. Michael Gould kuma ya fitar da wani taƙaitaccen tarihin yaƙin a 2012 wanda ya amfana da abin da ya bayyana a tsawon shekaru arba'in. Duk da haka, tsufan littafi ba ya rushe jerin abubuwan da suka faru, kuma wannan jerin shi ne abin da mai farawa yake bukata. Kusancinsa da lokacin ma wata fa'ida ce, domin an rubuta shi kafin labarin ya daskare ya zama tatsuniyar da kowane yanki yake gaya wa 'ya'yansa.

Ƙorafi na uku ya fi sauran zurfi. Akwai dattawa masu ganin a bar kaza cikin gashinta: Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci, to me ya kawo tone-tone? Niyyarsu mai kyau ce, amma shekarun da suka wuce sun nuna shiru bai binne maganar ba. Tun daga 1999 ƙungiyoyin neman Biyafara suka sake tasowa, mafi yawan mabiyansu kuma matasa ne da ba su ga yaƙin ba. A Arewa ma, wasu ƙungiyoyin matasa sun ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin yankin a 2017, kafin manya su sa baki a janye. Miki ne da aka rufe da tsumma ba a wanke ba. Idan malamai ba su ba matasa littafi ba, masu neman fitina za su ba su guntayen hotuna da ƙagaggun jawabai.

Bayan littafin farko

Wanda ya gama da de St. Jorre ya sami taswira, sai ya shiga littattafan mahalarta, amma da sharaɗi guda: kada ya karanta ɗaya shi kaɗai. Ya haɗa Obasanjo da Madiebo, ya haɗa Ademoyega da Muffett. Idan ya karanta Achebe, ya bi shi da Sunset in Biafra na Elechi Amadi ko On a Darkling Plain na Ken Saro-Wiwa, domin ya ji yadda Biyafara ta kasance ga ƙananan ƙabilun da aka shigar cikinta ba da shawararsu ba. A kowane littafi ya tambayi kansa abu uku: ina marubucin yake a ranar da abin ya faru, a wace shekara ya rubuta, kuma me zai samu idan aka gaskata shi?

Gurbin da ke jiran ɗaliban Hausa

Mai lura zai ga duk littattafan da aka ambata da Ingilishi suke. Wannan abin kunya ne da ya kamata ya dami kowane sashen Hausa. Dubban masu jin Hausa sun shiga soja a wannan yaƙi, da yawa ba su dawo ba. Jama'ar Arewa da Hausa suka bi labarinsa, ta Rediyo Kaduna da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mawaƙan baka da marubuta waƙoƙi sun yi aiki ƙwarai wajen ƙarfafa gwiwar soja, har Graham Furniss ya yi nazari na musamman a kan rubutattun waƙoƙin Hausa na yaƙin. Amma waƙar yaƙi aikinta zuga ne, ba a neman adalci ga abokin gaba a cikinta. Idan ita kaɗai ce abin da mai karatun Hausa ya gada, to ya gaji kirari ne ba tare da labari ba.

Abin da ake bukata shi ne ɗan madaidaicin littafi da Hausa, wanda ɗan sakandare da tela da malamin allo mai karatun boko za su iya karantawa, wanda kuma ya cika ma'aunai biyar ɗin nan. Aiki ne da sashen Hausa da sashen tarihi za su iya haɗa hannu a kai. Kayan aikin suna nan: tsofaffin jaridu a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da Gidan Arewa, da waƙoƙin da aka ɗauka a faifai, da sauran tsofaffin sojoji da ke raye a ƙauyuka, waɗanda shekarunsu suka haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Haka nan akwai dattawan Sabon Gari da suka gudu a 1966 suka dawo bayan 1970, wasunsu suka tarar maƙwabta sun riƙe musu gidajensu da kuɗin haya. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa na farko zai iya ɗaukar na'urar ɗaukar magana ya zauna da mutum biyar daga cikinsu, ya fi masa maimaita nazarin da aka riga aka yi sau goma. Sai dai wanda zai rubuta irin wannan littafi dole ya shirya faɗin abin da ba zai yi wa mutanensa daɗi ba. Rubuta labarin 15 ga Janairu da Hausa abu ne mai sauƙi. Jarrabawar tana wajen rubuta labarin Satumba da Oktoba na 1966 da na Asaba da wannan harshen, ba tare da rage murya ba.

Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa zaɓen littafin farko a kan yaƙin basasa ba ƙaramin al'amari ba ne, an kuma ajiye ma'aunai biyar: tushen labari, adalci ga matattu, gaskiya wajen alƙaluma, sanin yawan ƙabilun da abin ya shafa, da sauƙin harshe. Bisa waɗannan ma'aunai an fifita littafin John de St. Jorre a matsayin mafari, tare da amincewa da tsufansa da kasancewar marubucinsa baƙo. Ana roƙon malamai su sa shi cikin jerin karatun ɗalibai, hukumar laburare kuma ta tanadi kwafi fiye da ɗaya. Wanda yake da littafin da ya fi wannan cika ma'aunan, shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi ya kawo hujjarsa. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya, amma mai waiwaye da ido ɗaya rabin hanya yake gani.